Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata, daga Kwamitin Ma'aikatan Sansanin Sojin Sama na Kelly, San Antonio, Amurka, 1996

Mai girma Sanata, barka da zuwa, sannu da hanya. Kowa a Texas ya san nauyin maganarka a Majalisar Dattawa, don haka ba za mu tsaya dogon kirari ba. Buƙatarmu ɗaya ce, kuma da ita za mu fara: a sassauta dokar nan da ta hana ba kamfanoni fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin gyaran kayan soja. Muddin tana nan yadda take, alkawarin da Shugaba Clinton ya yi mana bara da aka yanke shawarar rufe sansanin nan, cewa aikin gyaran jirage zai koma hannun 'yan kasuwa amma ya tsaya a nan Kelly, zai ƙare a takarda.

Ranka ya daɗe, wannan fili tun 1917 jirage suke tashi a cikinsa. Sunansa ma na Laftanar George Kelly ne, wanda ya rasu a haɗarin jirgi a garin nan a 1911. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da maza suka tafi fagen daga, matan San Antonio ne suka ɗauki spana suka riƙe aikin. Daga baya jirgin jefa bam B-52 ya zo hannunmu, sannan C-5, ƙaton jirgin dakon kaya da mutum kan ɗaga kai har hularsa ta faɗi kafin ya hango ƙarshen wutsiyarsa. Mu muke kwance injinsa ƙusa-ƙusa mu mayar. A unguwannin kudu da yammacin gari, dubban iyalai 'yan asalin Meziko da albashin Kelly suka sayi gidansu na farko, suka kai yara jami'a. Akwai kanikawa a ɗakin nan da suke aiki da akwatin kayan aikin da iyayensu suka bar musu.

Duk da haka, a watan Yunin 1995 hukumar rufe sansanoni ta zaɓe mu, mu da sansanin McClellan na Sacramento, aka ce zuwa 2001 a watse. An bar sauran sansanonin gyaran jirage, Tinker a Oklahoma, Hill a Utah, Robins a Jojiya, kuma wakilansu sun riga sun zuba ido a kan aikinmu. Ba mu ga laifinsu ba, kowa gidansa yake karewa. Mu ma namu muke karewa.

Akwai maganar fansho da horar da matasa, mun rubuta su a takardar da za mu miƙa maka. Amma idan an kwashe C-5 da injina aka kai wata jiha, babu kamfanin da zai zo ya karɓi rumfunan gyara babu jirgi a ciki. Don Allah, ranka ya daɗe, idan ka koma Washington, ka fara da dokar kashi 40 ɗin nan kafin a zartar da kasafin tsaro na bana.

Mun gode, Allah ya mayar da kai gida lafiya.