Hemozoyin: Baƙin Dutsen da Maleriya Ke Ginawa a Jininmu

(An rubuto daga faifan laccar da aka yi wa ɗaliban kimiyya a Katsina)

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa.

Duk wanda ya taɓa shafa ɗigon jinin mai zazzaɓi a gilashi ya leƙa maikuroskop, ya san wani ɗan ɗigo baƙi-baƙi da ke cikin ƙwayar cutar. Shi ake kira hemozoyin. Shi ne ya ja idon likita Laveran a Aljeriya a 1880 har ya gano ƙwayar maleriya.

Daga ina yake fitowa? Ƙwayar cutar tana shiga jar ƙwayar jini ta cinye mafi yawan himogulobin da ke ciki, wato furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini. Sai wani sinadari mai ƙarfe, him, ya rage, shi kuwa guba ne gare ta. Don haka take haɗa shi bibbiyu, ƙarfen wannan ya kama hannun wancan, ta yi ta jera su har su daskare su zama kiristal, wanda shi ne hemozoyin. Sai a shekarar 2000 masaniyar kimiyya Pagola da abokan aikinta suka warware wannan tsarin, da hasken eksire.

To, a nan kwamfuta ta shigo. Kiristal ɗin bai kai a ga atam-atam ɗinsa da ido ba, balle a kalli yadda yake girma. Amma in ka ba kwamfuta mazaunin kowane atam da ƙarfin da ke jan su ko tura su, za ta lissafa maka wace fuskar kiristal ɗin ce ke saurin girma, da inda magani zai samu wurin zama. Ku ɗauka magini ne yana jera tubali, sai wani ya zo ya zauna daidai inda tubali na gaba zai hau. Haka kulorokwin ke yi. Gini ya tsaya, guba ta taru, ƙwayar ta mutu. Amodiyakwin ɗin da ake bi gida-gida ana ba yaranmu da damina, danginsa ne.

Za ku ce ai kulorokwin ya daina aiki, har Najeriya ta koma wa haɗin maganin atimisinin a 2005. Gaskiya ne. Amma ku lura, wannan shi ya fi damuna mu gane: kiristal bai canza ba ko kaɗan. Ƙwayar cutar ce ta sauya wani furotin, PfCRT, yana fitar da maganin kafin ya isa wurin. Ke nan in an samu sinadarin da zai manne wa kiristal amma furotin ɗin bai san shi ba, an dawo fagen. Kwamfuta tana iya tace dubban sinadarai kafin a taɓa kwalba ɗaya a ɗakin gwaji, kodayake gwajin ne mai yanke hukunci.

Saura tambayar inda ginin ke farawa. Egan da mutanensa a Jami'ar Cape Town sun nuna a 2006, da gwaji da kuma lissafin motsin atam-atam a kwamfuta, cewa him yana haɗuwa cikin sauƙi a inda maiƙo da ruwa suka yi iyaka. Har yanzu ana muhawara a kai. Masu kemistiri da masu lissafi a cikinku, ku tsaya bayan sallar La'asar mu buɗe tsarin a allo, ku juya shi da hannunku.