Tsohon Babur a Hannun Sabon Mai Shi: Abin da Ake Dubawa Kafin a Buga Kik

Assalamu alaikum, masu kallo. Babur ɗin da kuke gani a jingine cikin wannan zaure na Tudun Wada Honda CD175 ne, irin wanda aka ƙera daga 1967 zuwa 1979. Dattawan Kaduna sun san shi, shi da Suzuki A100 da Yamaha YB100 da Vespa, tun zamanin da malaman makaranta da ma'aikatan masaƙun Kakuri suke fita aiki a kansu da sassafe. Wanda ya gaji irin wannan babur a wurin mahaifinsa, ko ya saye shi don sha'awa, abin da zuciyarsa take fara raya masa shi ne ya hau ya buga kik ya ji kukan inji, alhali a nan ne ɓarna take farawa.

Injin da ya shekara a ajiye, baƙin mansa ya riga ya sauka ƙasa ya bar sama a bushe, saboda haka sai a fara juye tsohon mai a zuba sabo. A nemi man babur mai alamar JASO MA, domin kulocin wannan babur a cikin mai yake wanka, kuma wasu mayukan mota suna sa shi zamewa. Wannan injin ba shi da matatar mai ta takarda. Wani ƙoƙo ne da ke juyawa a ciki yake tara dauɗa, ana buɗe shi a wanke da kalanzir, kuma sau da yawa za a tarar ba a taɓa buɗe shi ba. Bayan haka a cire fulogi, a ɗiga mai kaɗan ta ramin, a danna kik a hankali da hannu. Idan ya ƙi motsi kada a hau shi da ƙarfin ƙafa, domin fistin ne ya kama. Mai Suzuki A100 ko Yamaha YB100 kuwa ya sani cewa injinsa mai bugu biyu ne, yana ƙona mai tare da fetur daga wani ƙaramin tanki na daban, kuma ranar da wannan tanki ya ƙafe ko famfonsa ya tsaya, ranar injin zai ƙone.

Yanzu a ce an buga kik, babur ya ƙi tashi. Abubuwa uku inji yake bukata, wato fetur da wuta da matsin iska, kuma a ganina babban kuskuren sabon mai babur shi ne ya ɗauki sukudireba ya faɗa wa kafireto, wato inda fetur yake gaurayuwa da iska, da murɗe-murɗe tun bai san wanne ne ya ɓace a cikin ukun ba. A taɓa abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce gaba. Wanda ya taɓa biyar a lokaci guda, ko babur ya tashi ba zai san abin da ya gyara ba.

A fara da fetur, domin shi ya fi yawan laifi. A leƙa cikin tanki da tocila, in an ga jar tsatsa to ita ce take bin tiyo tana toshe ƙananan ramukan kafireto, kuma wanke kafireto ba tare da wanke tanki ba aikin baban giwa ne. Tsohon fetur ma yakan daskare ya zama kamar ƙaro. Ramukan nan da iska ake busa su, ba a zura musu allura, domin da zarar rami ya ƙara faɗi babur ya shiga shan mai ke nan har abada. Akwai kuma wata matsala mai ruɗarwa: babur ya tashi lafiya, ya yi tafiya kamar daga Kawo zuwa Unguwar Sarki, sai ya mutu, bayan ɗan lokaci kuma ya sake tashi. A buɗe murfin tanki a saurara. In an ji iska ta shiga da huci, ƙaramin ramin numfashi na murfin ne ya toshe. Man 'yan bumburutu kuma, in ya zama dole, a tace shi kafin a zuba.

Sai wuta. A cire fulogi, a mayar masa da hularsa, a jingina shi a jikin inji, a buga kik. Tartsatsi mai launin shuɗi shi ake nema. Fulogin kansa yana ba da labarin cikin inji: ruwan ƙasa alamar lafiya ce, baƙi mai gawayi fetur ne ya yi yawa, fari fat iska ce ta rinjayi fetur kuma inji yana zafi, wanda ya jiƙe da mai kuwa yana nuna zoben fistin ya gaji. Ratar bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Idan babu tartsatsi, a duba kwantak, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da tartsatsi, domin da shi waɗannan tsofaffin babura suke aiki. A goge bakinsa, a daidaita ratarsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4. A kuma kiyaye cewa batirin wannan babur mai ƙarfin wuta bolt 6 ne, don haka batir ko ƙwan fitila na bolt 12 da suka cika kasuwa yau ba nasa ba ne.

Matsin iska ƙafa ce take faɗa. In kik yana tafiya sakwaf ba tare da turjiya ba, batun ya koma bawul ko zobe, kuma wannan aikin bakanike ne. A nemi dattijon da ya yi zamani da irin waɗannan injuna, a kuma roƙe shi ya mayar wa mai babur duk abin da ya cire, domin wani ƙarfen ba a samun sabonsa, sai dai a kai tsohon ƙarfen Panteka, kasuwar maƙera ta Kaduna, a ƙera irinsa.

Yanayin garin nan ma yana da nasa rabon. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska cikin makonni kaɗan, sai babur ya fara baƙin hayaƙi yana shaƙewa. Da damina kuma laima ce take shiga kwantak da hular fulogi. Sarƙa tana son wanki da mai, da sassaucin kimanin santimita 2 a tsakiyarta.

Kafin a fita titi, a duƙa a karanta gefen taya. Tun daga shekarar 2000 lambobi huɗu ne suke nuna mako da shekarar da aka yi ta, wato 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Tayar da ke ɗauke da lambobi uku kacal ta girmi shekarar 2000, kuma ko zanenta bai cinye ba, robar ta bushe, ba za ta riƙe kwalta mai jiƙa ba. A sauya ta tare da tif ɗinta, a gwada birkin gaba da na baya a cikin layi, sannan a nufi Ahmadu Bello Way.