Lacca: Yaron sakandare da aikin jirgin sama, daga ina ake farawa?

(Na kwafo wannan ne daga rikodin ɗin laccar da wani dattijo, tsohon bakaniken jirgin sama, ya yi wa iyaye da malamai da ɗalibai. Na cire gaishe-gaishen farko da wuraren da sauti bai fita sosai ba.)

Toh jama'a, kafin mu fara na tambayi yaran nan na layin gaba me kowa ke son zama, kuma kun ji da kunnenku, duk wanda ya ɗaga hannu matuƙi yake so. Ba wanda ya ce bakanike, ba wanda ya ce mai kula da zirga-zirgar jirage a hasumiya. Ban ga laifinsu ba, matuƙi ake gani da farar riga yana jan jaka, mu kuwa da daddare muke aiki, kafin fasinja ya iso mun wanke hannu mun tafi. Amma jirgi ɗaya ba ya tashi sai mutane da yawa sun taɓa shi, mai gyaran inji, mai wayoyin lantarki, mai lissafin nauyin kaya da man da za a sha, mai duba yanayi, injiniyan da ya zana fiffiken tun farko. Yawancin aikin jirgin sama a ƙasa ake yin shi.

Bari in fara da shekaru, don nan ne iyaye ke ruɗewa. Zan kawo dokar Amurka saboda can ne makarantun sakandare masu koyar da aikin jirgin sama suka fi yawa, kowace ƙasa kuma da hukumarta da nata sharuɗɗan. A can yaro mai shekara 14 zai iya tashi shi kaɗai a jirgi mara inji, wanda ake ja sama a sake shi iska ta ɗauke shi. A shekara 16 zai iya tashi shi kaɗai a jirgi mai inji, kuma zai iya zana jarabawar lasin jirgi mara matuƙi na kasuwanci. A 17 sai lasin tuƙin kai, wanda ke buƙatar aƙalla awa 40 a sama, duk da yawanci sai an wuce haka. A 18 lasin tuƙi don a biya ka, da awa 250. Amma kujerar babban jirgin fasinja fa, a ƙa'idar gama-gari sai shekara 23 da awa 1,500, kuma an tsaurara wannan ne bayan hatsarin jirgin Colgan Air kusa da Bafalo a 2009. Neil Armstrong ma, wanda ya fara taka wata, yana ɗan 16 ya samu izinin tuƙin jirgi, tun bai da lasin mota.

Kun ga ke nan, duk makarantar sakandaren da ta ce za ta yaye muku matuƙin jirgin fasinja, ku riƙe aljihunku. Abin da za ta iya shi ne ta koya masa darasin ƙasa, wato yadda iska ke ɗaga fiffike, karatun taswira, yanayi, dokokin sama, maganar rediyo, ta zaunar da shi a na'urar kwaikwayon tuƙi, in da hali ya samu awoyin farko. Ƙungiyar AOPA ta masu jirage da matuƙa a Amurka ta tsara manhaja ta shekara huɗu, aji 9 zuwa 12, wato shekarun sakandare a can, tana ba makarantu kyauta, da ɓangaren tuƙi da ɓangaren jirgi mara matuƙi. Akwai shirin Young Eagles da ƙungiyar EAA ta masu sha'awar jirage ta fara a 1992, matuƙa 'yan sa kai suna ɗaukar yara masu shekara 8 zuwa 17 a ɗan zaga da su sama kyauta, sun ɗauki fiye da miliyan 2. A Faransa akwai satifiket na sanin farkon harkar jirgin sama da ake kira BIA, ɗalibi yana makaranta zai yi darasin ya zana jarabawa. A Birtaniya kuma akwai kadet na sama, ƙungiyar horar da matasa harkar jirgi, tun 1941. Duk suna da amfani, ko ba komai yaro ya gane tun da wuri ko yana son abin da gaske ko rigar kawai yake so, wani ana ɗagawa sama cikinsa zai juya, shi ke nan ya huta iyayensa ma sun huta.

Inda sakandare ke iya kai yaro har bakin aiki shi ne gyara, kuma ku yi haƙuri nan zan daɗe don nan ne gidana. A birnin Niyok akwai makarantar gwamnati da ake kira Aviation High School, a yankin Kwins, hukumar FAA mai kula da jiragen sama a Amurka ta amince da ita a matsayin makarantar horar da kanikawan jirgi. Yaro yana lissafi da Turanci da tarihi kamar kowa, sannan ya shiga rumfar aiki ya koyi yanka ƙarfe da buga kusoshin jikin jirgi da kwance inji. Lasin bakanike a Amurka kashi biyu ne, na gangar jirgi da na inji, ana bayarwa daga shekara 18 bayan jarabawa iri uku, ta rubutu, ta baki, da ta aiki da hannu. Wanda bai bi ta makaranta ba sai ya nuna wata 18 na aiki don ɗaya, ko wata 30 don duka biyun. Toh ku lissafa irin tazarar da yaron makarantar nan ya ba tsaransa. A Tulus ta Faransa ma kamfanin Airbus yana da makarantarsa ta koyon sana'a, yara suna koyo a cikin masana'antar kanta.

Amma wallahi ba riƙe sifana ba ne babban darasin da ake samu a irin wannan wuri. Bari in ba ku labari. A watan Yunin 1990 wani jirgin British Airways ya tashi daga Bamingam zai je Malaga ta Sifen, suna kusan ƙafa 17,000 sai gilashin gaba na ɓangaren kyaftin ya fita fit, iska ta fizgi kyaftin ɗin rabin jikinsa ya fita waje, ma'aikatan jirgin suka riƙe ƙafafunsa wajen minti 20 har mataimakinsa ya sauke jirgin a Sawsamton. Allah ya yi da sauran kwana, ba wanda ya mutu, har shi kyaftin ɗin. Da aka bincika me aka gani? Gilashin sabo ne, ba a daɗe da sa shi ba, notuna 90 ke riƙe shi, 84 a ciki kaurinsu bai kai ba da abin da bai cika milimita ɗaya ba, sauran 6 kuma sun yi gajarta. Wanda ya ɗaura su ba yaro ba ne, ƙwararre ne mai shekaru a aiki, amma cikin dare ya gwada noti da ido maimakon ya buɗe littafin kayan gyara ya duba lamba. Ido! Milimita ɗaya bai cika ba.

Wannan halin na buɗe littafi ko da ka haddace, da ƙirga kayan aikinka kafin ka rufe inji, da ƙin sa hannu a kan abin da ba ka gani ba, shi ne abin da ya fi shiga jikin mutum yana ɗan 15. Ni kaina ina sabon shiga na taɓa neman ƙaramar sifana na rasa bayan mun rufe murfin inji, na tsaya ina ta shawara da zuciyata, in faɗa a yi min dariya ko in yi shiru. Na faɗa. Aka sake buɗewa, aka ɓata awa biyu, ashe tana aljihun wandona ta baya. Ogana bai zage ni ba, cewa ya yi gobe ma in ka rasa ka faɗa. Malamai, in kuna dukan yaro ko kuna kunyata shi don ya ce na yi kuskure, toh kuna koya masa ɓoyewa ne, kuma mai ɓoye kuskure ba a ba shi jirgi. Takardar nan da matuƙa ke karantawa layi-layi kafin tashi ma asalinta hatsari ne, na wani sabon jirgin Boeing a 1935, ƙwararrun matuƙa suka manta ba su cire makullin da ke riƙe abin sarrafa jirgin ba.

Ɓangaren sararin samaniya kuwa ba sai an mallaki jirgi ba. A Amurka ana gasar roka ta ɗalibai duk shekara, a sa ɗanyen ƙwai a ciki, roka ta kai tsayin da aka ƙayyade, ta daɗe a sama daidai sakan ɗin da aka ce, ta sauko ƙwan bai fashe ba. Wasa ne a ido amma lissafi ne zalla. Hukumar sararin samaniya ta Turai tana gasar CanSat, inda ɗalibai ke haɗa samfurin tauraron ɗan adam mai girman gwangwanin lemo. Sannan akwai CubeSat, ƙaramin tauraron ɗan adam kamar ɗan akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, a Nuwambar 2013 aka harba wanda ɗaliban sakandaren Thomas Jefferson ta jihar Bajiniya suka haɗa. Mai son zama injiniya dai ya sani jami'a na jiransa, kuma ba abin da zai tsallakar da shi sai lissafi da fiziks.

(Nan wata uwa ta yi tambaya, muryarta ba ta fita sosai, amma a kan 'yarta ce mai sa gilashi.)

Hajiya, gilashi ba ya hana tuƙi, matuƙa da yawa da shi suke aiki, muddin in an sa ganin ya kai yadda ake so. Abin da ya fi kawo cikas shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore, don fitilun jirgi da na filin jirgi da launi suke magana, kuma abin ya fi yawa ga maza nesa ba kusa ba. Shawarata ku kai ta wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi ya duba ta tun yanzu, kafin a kashe ko sisi a awoyin tuƙi, ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ta dage da Turanci, ji da magana, don hukumar ICAO ta jiragen sama ta duniya ta sa sharaɗin kai mataki na 4 a iya Turanci ga matuƙa da masu hasumiya a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa. In ma gwajin likita bai yi ba, a Amurka dai lasin bakanike ba ya neman takardar likita irin ta matuƙi, haka aikin injiniya. Ke 'yata, aji nawa kike? Toh kina da shekara biyu a gaba, ki same ni in an tashi in nuna miki darussan da za ki fi riƙewa. Akwai wata tambayar? Malam na can baya, a miƙa masa makirufo.

(Nan rikodin ɗin ya yanke.)