Lacca: Ƙofar Dahab da lissafin iskar mai nutso

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da haɗuwa. Yau zancenmu a kan nutso mai zurfi ne a jikin duwatsun murjani, kuma wuri guda zan ɗauka mu tsaya a kansa: ramin Blue Hole da ke kusa da garin Dahab, a gaɓar Bahar Maliya ta ƙasar Masar. Zurfinsa ya kai mita 100. A jikin bangonsa, wajen mita 55, akwai wata ƙofa mai tsawon kusan mita 26 da ke ɓullewa zuwa buɗaɗɗen teku. Rayuka da yawa sun salwanta a wannan ƙofa, galibi saboda an je mata da silinda ɗaya ta iskar da muke shaƙa kullum.

Mu yi lissafin tare. Duk mita 10 da ka sauka, matsin ruwa na ƙaruwa da ba ɗaya ("ba" ma'aunin matsi ne, guda ɗaya kusan matsin iskar da ke kanmu a tudu ke nan), don haka a mita 55 matsin ya ninka na tudu sau shida da rabi. Wanda ke shaƙar lita 20 a minti ɗaya a sama, a can lita 130 zai sha. Silinda mai lita 12 da aka cika zuwa ba 200 lita 2,400 ke cikinta, wato minti 18 ke nan idan hankali a kwance yake. Da tsoro ya shigo, numfashi zai iya ninkawa. Ga shi ba ka da ikon tasowa kai tsaye, domin naitirojin, wanda shi ne mafi yawa a iskar da muke shaƙa, ya riga ya narke cikin jini da tsoka. In ka yi gaggawa, zai taso da kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, ya toshe jijiyoyi, har ya kai ga shanyewar jiki.

Naitirojin ɗin nan kuma yana sa maye tun daga wajen mita 30. Abin da ya fi damuna da Dahab shi ne ruwan garau yake, ga ɗumi, sai mutum ya saki jiki. Hasken da ke ɗaya bakin ƙofar yana sa a ga kamar kusa take, alhali ruwa kan turo mutum baya. Wanda maye ya kama yakan wuce ƙofar bai gan ta ba, ya yi ta sauka nemanta. A mita 66 matsin oksijin da ke cikin iskar yau da kullum ya kai ba 1.6, daga nan farfaɗiya na iya kamawa, abin shaƙa ya suɓuce daga baki.

Shi ya sa ƙwararru ke cakuɗa hiliyam, wata iska da ba ta sa maye, cikin iskar da za su shaƙa, abin da ake kira tirimiks. Misali oksijin kashi 18 cikin ɗari, hiliyam 45, sauran naitirojin. Ana goya silinda biyu a baya, a rataya wasu a gefe don tasowa: mai oksijin kashi 50 ba a taɓa ta sai a mita 21, zallar oksijin kuwa sai a mita 6. Kowace silinda ka gwada ta da na'ura da hannunka, ka rubuta iyakar zurfinta ɓaro-ɓaro a jikinta, abokin nutsonka ya tabbatar kafin ka sauya. Kuskuren sauya silinda na kashe wanda ya ƙware ma. Tasowa kada ta wuce mita 9 zuwa 10 a minti.

To me ake zuwa gani? A wannan zurfi launin ja ya daɗe da ɓacewa, komai shuɗi-shuɗi, sai ka haska tocila launuka su dawo. Murjani dabba ne, amma yana rayuwa da wasu ƙananan tsirrai a jikinsa masu buƙatar rana. Inda haske ya yi ƙaranci, irin su Leptoseris sai su baje kamar faifai don su tari ɗan abin da ya sauko. Akwai masu kama da mafici, sun tsaya a gicciyen ruwa suna tace abinci. Bugun takalmin iyo ɗaya kan karya abin da ya yi shekaru yana girma.

A mita 6, inda za ka fi daɗewa, nan ƙananan kifaye ruwan lemo ke yawo a garke, nan kuma murjanin wuta yake, mai ƙuna in ya taɓa fata. Kada ka kama shi don tsayawa, kada kuma ka zame zuwa mita 9 da zallar oksijin a bakinka, domin matsinsa ya kai 1.9.

In an fito aka ji ciwon gaɓoɓi, ko sanyin ƙafa, ko jiri, a kwantar da mutum, a ba shi zallar oksijin, a garzaya ɗakin matsi, inda ake sake matsa mutum da iska don kumfar ta narke. Ko lafiya lau aka fito, a ba jirgin sama awa 24, haka ma hanyar da ke hawa zuwa Dutsen Sina'i.