Murfin akwatin Baba, daga Liyon zuwa Maradi

Assalamu alaikum jama'a. Mutanen Maradi ina gaisuwa, na Mokoyo da na Zariya da na Bagalam, har Tibiri da Madarunfa. Ku yi haƙuri da ƙugin da kuke ji a bayana, injin tsotse ƙura ne, bari in kashe shi. Yawwa. Yau Asabar, muna cikin Nuwamba, ina nan Liyon a ƙasar Faransa, cikin wani ɗakin aiki da mutum ke biyan kuɗin wata ya shigo ya yi amfani da injinan da ke ciki. Wannan shimfiɗaɗɗen tebur da kuke gani mai gada a samansa, shi ne injin sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa, wanda ake ce wa CNC.

Ga dalilin zuwana. Baba yana da Alƙur'ani rubutun hannu da ya gada wurin mahaifinsa, irin wanda ba a ɗinke warƙoƙinsa, ana ɗaure su cikin gafaka. Gafakar ta tsufa, akwatin ƙarfen da Inna ke ajiye shi ciki kuma tsatsa ta cinye gindinsa. Sai muka shirya da Kawu, ƙanen Inna, wanda ya fi shekara 30 yana aikin kafinta a bayan babbar kasuwa: shi zai haɗa jikin akwatin da hannu can gida, ni in yi murfi a nan in aika. Ya turo mini awo ta WhatsApp, tsawo santimita 32, faɗi 24. Ya ƙara da saƙon murya na kusan minti huɗu, rabinsa gaisuwa, a ƙarshe ya ce, "Ɗana, kada ka matse shi da yawa, katako bai gama mutuwa ba." Na ce to Kawu, amma a raina dariya na yi. Injin da ke bin awo har kashi ɗaya cikin goma na milimita, wane matsi zai dame shi?

Ku dubi katakon. A nan suna kiransa akaju na Afirka, kuma ɗan'uwan maɗacinmu ne, dangi ɗaya suke. Da gangan na neme shi, don Kawu da maɗaci zai yi jikin, ina son launin ya zo kusa. Ku ga jan nan. Da na yanka gefensa har na ji kamar ina rumfar Kawu ina ɗan shekara tara, ina share masa dusar katako yana ba ni dala biyar.

Injin nan ba ya da wayo ko kaɗan, wannan shi ne abin da mutane ba su yarda da shi sai sun gani. Tafiya uku kawai ya sani: hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa. X, Y, Z ke nan. Ni ne na zana murfin a kwamfuta, na gaya mata irin haƙorin da zan sa, da zurfin da zai ci a kowane zagaye, da saurin tafiyarsa. Ita kuma ta mai da wannan duka dogon jerin umarni da ake kira G-code, layi bayan layi, je wuri kaza, sauka milimita kaza. Abin da ka rubuta shi zai yi. In ka ce ya ratsa ta kan ƙarfen da ya danne katakon, wallahi ratsawa zai yi, ba ruwansa.

Aikin farko shi ne cikin murfin. Na kife katakon, na danne shi ta kusurwa huɗu, na sa haƙori mai shafaffen baki na milimita 6. Yana juyawa sau 18,000 a minti ɗaya, shi ya sa kuka ga na toshe kunne na sa tabarau. Zai zagaye gefen ya rage kauri, ya bar tudu a tsakiya, tudun ne zai faɗa cikin bakin akwatin ya riƙe murfin. Ba na barinsa ya ci fiye da milimita 2 a zagaye guda. In ka yi masa haɗama, ko haƙorin ya karye ko katakon ya ƙone ya yi baƙi. A tsakiyar tudun kuma na sa ya haƙa ɗan rami marar zurfi inda za a manna fata. Ku matso ku ga kusurwar ramin: ba ta da tsini, a lanƙwashe take. Haƙori mai kewaye ba zai taɓa fitar da kusurwa mai kaifi ta ciki ba, duk tsadar injin. Sai ka bi da hannu ka gyara, ko ka bar ta haka. Ni na bar ta.

To, wannan da zan nuna muku yanzu, da farko na so in yanke shi daga bidiyon, sai na ga rashin gaskiya ne. Kun ga wancan katakon da ke jingine a bango mai rami a tsakiya kamar ɓera ya yi gida? Shi ne murfi na farko. Na juya shi zan yi ado a sama, na cire haƙorin farko na sa mai tsini, na manta ban sake nuna wa injin inda fuskar katakon take ba. Sabon haƙorin ya fi na da tsawo, injin kuwa bai sani ba, yana nan kan tsohon lissafi. Ina danna maɓalli ya nutse kamar an soka wuƙa a kabewa. Dattijuwar da ke kula da ɗakin ta zo ta duba, ba ta yi faɗa ba, ta miƙo mini ƴar farar takarda kawai. Ga amfaninta: kana sauke haƙorin a hankali kana motsa takardar a ƙarƙashinsa, da zarar ta fara kamawa ka tsaya, nan ne sifili. Injin miliyoyin sefa, amma takarda ce ke gaya masa inda zai fara.

Wannan na biyun ne ke kan tebur. Adon da na zaɓa dagi ne, irin wanda muka taso muna gani a jikin soraye da wuyan manyan riguna. Haƙorin mai tsini yana nutsewa inda layi ya yi faɗi, ya taso inda ya sirance, shi ya sa zanen ke fita kamar an yi shi da alƙalamin kara. Wannan wurin ina iya tsayuwa in kalle shi har Magariba. Minti 40 ya ɗauka. Na goge shi da takardar goge katako, na shafa mai ciki da waje, shi ke nan.

To jama'a, ga ni kuma. Yanzu Janairu, a ɗakina nake. Wani abokina da ya tafi hutu ne ya tafi da murfin cikin kayansa, ya sauka Yamai, ya shiga motar Maradi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ya kai shi hannun Kawu lafiya. Hotunan da za ku gani daga nan ƙanena ne ya ɗauka da wayarsa, ku yi masa uzuri, hannunsa na rawa.

Ranar da ya isa, murfin ya zauna daram. Kun ji ƙanena yana ihu. Ni har na fara shirya abin da zan ce wa Kawu. An kai wa baduku ya yanka jar fatar akuya, akuyar nan tamu ta Maradi da duniya ta santa saboda fatarta, ya bi lanƙwasar kusurwar nan da wuƙarsa ba tare da ya tambayi kowa ba.

Mako uku bayan nan ga wannan. Ku saurara da kyau: ƙwas, ƙwas. Murfin ne ke wasa a bakin akwatin. Ta tsawo yana nan yadda yake, ta faɗi ya ragu kusan milimita 2. Hunturu ne ya sha shi. Katako yana ɗaukar danshi daga iska yana kuma sakinsa, in ya saki ya tsuke, kuma ta faɗi yake tsukewa, ta tsawo kusan ba ya motsi. Na yanka shi a garin da koguna biyu suka haɗu ana ta yayyafi, na tura shi inda leɓe ke tsagewa kafin azahar. Maɗacin Kawu kuwa ya shekara biyu a jingine a rumfarsa, ya ga damina ya ga bazara.

Na kira shi na ce, "Kawu, a yi haƙuri, zan sake wani in ƙara masa milimita biyun." Ya daɗe yana dariya har da tari. Ya ce, "Ka ƙara, in Agusta ta zo ruwa ya sauka ya kumbura, sai ka zo daga Faransa da guduma ka buɗe wa babanka Alƙur'aninsa." Ya ce in bar shi, hunturu ya gyara abin da na ƙi ji. Ya manna ƴar siririyar fata a bakin akwatin ta ciki don ƙarar ta daina, ya ce da damina zai ɓamɓare ta in ta yi yawa.

Ga Baba nan a zaure yana sa gafakar ciki. Ƙanena ya ce ya daɗe yana shafa dagin da yatsa, sannan ya tambaya wane masassaƙi ne ya yi. Da aka ce masa inji ne, sai ya ce a gaishe shi. Kawu kuma ya aiko mini da awon wani akwatin, na turaren Inna, wannan karon da saƙon murya na minti shida. Na saurare shi sau biyu, har da biro a hannu. Katakon yana nan ƙarƙashin gadona, Asabar mai zuwa zan kai shi kan injin in Allah ya kai mu.