Gayyar da ta ƙi watsewa: yadda huhu ke yin tabo bayan cuta

Laccar wani likitan ƙirji ce ga jama'ar Zango a Aboabo, Kumasi, aka rubuto daga faifai.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, iyayena mata, na gode da kuka zauna duk da zafin nan.

Tun da Korona ta shigo Gana a watan Maris na 2020 nake shan tambaya ɗaya: "Likita, an ce na warke, to me ya sa har yau nake haki?" Wani ɗan dako a kasuwar Kejetia ya zo mini, mutumin da a da yake hawa bene da buhun shinkafa a ka, yanzu sai ya huta sau biyu kafin ya isa masallaci. Na ɗora masa abin sauraro a gadon baya, na ji ƙaras-ƙaras kamar ana taka busasshen ganye. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Cutar ta tafi ta bar masa tabo.

Huhu tarin jakunkunan iska ne, sun haura miliyan 300, bangonsu ya fi ɓawon albasa siranta, ta nan iska ke ratsawa cikin jini. Idan cuta ta yage bangon, sai jiki ya saki wasu sinadarai masu kiran gayya. Jagoransu TGF-beta, sai PDGF da FGF. Su ke umartar maginan jiki, wato faibiroblas: ku hayayyafa, ku zuba kolajin (zaren nama mai ƙarfi da ke haɗa tabo), ku yaɓe wurin. Rahama ce wannan, domin ba don su ba ko kaciya ba za ta warke ba.

To amma a jikin wasu, aiki ya ƙare mai shela bai yi shiru ba. Yaɓe kan yaɓe. Abin da ya fi tayar mini da hankali, taurin da wurin ya yi shi ma yana ƙara tayar da TGF-beta, sai kira ya haifi kira, huhun da yake kamar soso ya koma kamar ƙirgi.

Ku kwantar da hankali, yawancin masu Korona huhunsu na washewa cikin watanni. Tsofaffi da waɗanda suka kwanta a na'urar numfashi su suka fi haɗari. Irin tabon nan kuma muna ganinsa bayan tarin fuka, da wajen 'yan'uwanmu masu shaƙar ƙurar dutse a ramukan zinariya.

Magani fa? A 2014 Amurka ta amince da guda biyu, pirfenidone da nintedanib, don wani nau'in tabon huhu da ba a san sanadinsa ba. Na biyun yana toshe kunnen maginan ne, kada su ji kiran PDGF da FGF. Yana rage saurin lalacewar huhu da kusan rabi, amma ba ya goge tabon da ya riga ya zauna, ga tsada, ga sa gudawa.

Saboda haka ina roƙonku, duk wanda ya haura wata 3 yana haki bayan jinya, kada ya tsaya kan zuma da citta, ya je asibitin Komfo Anokye a auna masa numfashi. Hajiya, na ga hannunki can baya, na san zancen hayaƙin gawayi ne. A miƙa mata lasifika.