Wa ke da ikon cewa "a tsaya" a wurin aikinku?

[Hoto: asuba a kasuwar Mile 12, ana sauke kwandunan tumatir daga tirela]

Ƙarfe biyar na asuba ke nan a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Tirela ta iso daga Arewa, 'yan dako sun yi layi. Ku dubi katakon nan da aka jingina a bayan motar, wanda ake takawa a sauko da kaya. Ya tsage a tsakiya. Duk wanda ya taka shi yana jin yadda yake lanƙwasawa, amma babu mai magana, domin wanda ya tsaya yin ƙorafi, na bayansa ne zai ɗauke kwandon, kuɗin kuma ya wuce shi. Babu wani sufeton gwamnati da zai zo da asubar fari ya duba katako. To, a kan irin wannan katakon za mu yi magana yau.

Doka dai akwai ta. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace injin da ke da haɗari, a samar da iska da haske da ruwan sha da akwatin agajin gaggawa, a kuma kai rahoton haɗari idan ya auku. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, don a samu abin biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko iyalinsa idan ya rasu. A nan Legas kuma akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta jiha, wadda aka kafa da doka a 2011. Duk mai wurin aikin da dokokin nan suka shafa, dole ne a kansa, kuma ban zo in rage musu daraja ba.

Sai dai ku tuna abu biyu da suka faru a garin nan. A watan Satumba na 2002 wuta ta tashi cikin dare a wata masana'antar roba a Ikorodu, ma'aikatan dare suka nemi hanyar fita suka tarar da ƙofofi a kulle, mutane da yawa suka ƙone. A lokacin dokar 1987 ta shekara 15 a rubuce. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 kuma bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard a Ikoyi ya rufta, fiye da mutum 40 suka rasu, da yawansu masu neman na abinci ne irinmu. Tun a 2020 wani kamfanin injiniyoyi ya rubuta takarda ya janye hannunsa daga aikin, amma gini ya ci gaba da tashi. Ashe akwai wanda ya gani, akwai wanda ya faɗa. Wanda zai tsayar da aikin ɗungurungum ne aka rasa.

[Hoto: wurin gini, leburori na ɗaukar bulo]

Wannan giɓin da ke tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake yi idan Oga ya juya baya, shi masana suke nufi idan suna maganar ɗabi'ar kiyaye haɗari a wurin aiki. Maganar ta yaɗu ne bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil da ke Yukren a 1986, da masu bincike suka ga cewa ba na'ura kaɗai ce ta gaza ba, har da yadda mutanen wurin suka saba gudanar da aiki, da yadda na ƙasa ba ya iya ja da na sama.

A masana'antun Toyota, an daɗe da sa wata igiya a saman layin haɗa motoci. Kowane ma'aikaci, ko jiya aka ɗauke shi, idan ya ga matsala sai ya ja ta, shugaban sashe ya taho da gudu, idan ba a warware ba layin ya tsaya. Igiya ba ta da tsada, a kasuwar Idumota ma za ka saya. Abin da ke da tsada shi ne fuskar da maigida zai nuna wa wanda ya ja ta. A ce yaro ya zo ya ce, "Oga, katakan da muke takawa a hawa na uku suna rawa." Idan amsar ita ce, "Kai ne injiniya? In ba za ka iya ba, ga mutane can a bakin geti suna jira," to an gama. Duk leburan da suka ji sun ɗauki darasi, gobe ko sun ga bango yana tsagewa za su yi gum. Idan kuwa ya ce, "Madalla, ku sauko, a kira kafinta," kuma la'asar ta yi aka biya kowa kuɗin yininsa cif, shi ma darasi ne. Wannan biyan shi ne gwajin gaskiya. Mutumin da ya baro iyali a Katsina ko Maraɗi, yana kwana a shago don ya tara abin aikawa gida, ba zai tsayar da aiki ba muddin tsayarwar tana nufin a yanke masa kuɗin ranar.

Yanzu bari in taɓo wadda ta fi shafarmu mu Hausawa. Abu ya faɗo daga sama ya wuce ta gefen kunnen mutum, sai a ce "Allah ya kiyaye," a ɗan yi dariya, a koma aiki. Idan kuma ya same shi, sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mun yi imani da ƙaddara, babu ja. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da wani ya tambaye shi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, cewa ya yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ni a ganina duk wani "Allah ya kiyaye" da aka faɗa a wurin aiki gargaɗi ne da aka ba mu kyauta, ba tare da jini ya zuba ba. Ku sayi ƙaramin littafi, ko ku buɗe zaure a WhatsApp inda mutum zai aiko da murya idan rubutu na ba shi wuya. Me ya faru, a ina, me aka gyara. Kada a tambayi "laifin wa" da farko, domin ranar da aka fara korar mai kawo labari, ranar labari zai daina zuwa. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

[Hoto: mai walda yana aiki, janareta na hayaƙi a gefe]

Wasu masu wurin aiki da zarar sun raba hular kwano da riga mai ƙyalli sai su ga sun sauke nauyi. Masana harkar kuwa a ƙarshen layi suke ajiye waɗannan kayan. Abin da ake fara tambaya shi ne, za a iya kawar da haɗarin ɗungurungum? Janaretan da ke cikin shago, a fitar da shi waje, don hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutum yana barci. Idan ba za a iya kawarwa ba, a raba mutum da shi: a mayar da murfin injin yankan ƙarfe da aka cire don a yi sauri, a zuba ruwa idan ana yanka kankare don ƙura ta kwanta. Sai bayan nan a zo kan hula da tabarau da safar hannu.

Ƙurar nan kada a raina ta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki, kuma mafi yawansu ba faɗuwa ko gobara ba ce, cuta ce da ke cin mutum a hankali. Birkilan da ya koma gida yana tari bayan shekara ashirin a Legas, babu rahoton da zai ambace shi. Haka ƙarar inji: idan sai kun ɗaga murya kafin wanda ke kusa da ku ya ji, kunnuwanku suna cutuwa, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Gajiya ma haɗari ce. Direban da ya kwana uku a layin tashar jiragen ruwa ta Apapa yana gyangyaɗi a kan sitiyari, sannan a ce ya kama hanya nan take don ana biyansa ne da yawan sawu, tsarin biyan ne ya tura shi. Da azumi kuma, mai hankali yakan jawo aikin ƙarfi da hawan sama zuwa safiya, ya bar mai sauƙi zuwa bayan azahar.

Sai harshe. A wurin gini ɗaya za ka samu Bayarabe da Ibo da Bahaushe da mutumin Kwatano, amma allon gargaɗi da Turanci kawai. Minti biyar kafin a fara aiki, a tsaya a da'ira, a faɗi haɗarin aikin yau da Turancin buroka, wani ya maimaita da Hausa, wani da Yarbanci. A tabbatar kowa ya san lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, ya kuma san asibitin da ya fi kusa.

Yawancinmu ba a kamfani mai rajista muke aiki ba. Muna mayankar Oko-Oba a Agege, muna wurin gwangwan, inda sufeto ba ya leƙowa. A can, shugabannin ƙungiya da sarakunan kasuwa su ne hukuma. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗi a kai gawa gida, tana iya tara kuɗin akwatin magani da abin kashe gobara.

[Hoto: an dawo Mile 12, gari ya fara wayewa]

Ga shugaban 'yan dakon can ya iso. A ce wani matashi ya matsa kusa da shi ya ce, "Baba, katakon nan fa ya tsage." Layi ya tsaya, direba yana ta danna hon, mai kaya yana duba agogo. Sabon katako yana nan a rumfar masu katako, tafiyar minti goma. Sauran 'yan dakon sun yi shiru da kwanduna a ka, kowa ya zuba wa Baba ido yana jiran abin da zai ce wa yaron.